Sallamar da Babu Mai Ita

Mudassir, kife wayar nan. Tunda kun nace sai kun ji abin da ya sami hannun Yaya Tasi'u, ku matso. Amma ku sani har yau ban huce da shi ba.

Tasi'u yana tsaron wani shagon gem, wato wasan kwamfuta, a bayan tsohuwar mayanka. Akwai gem ɗin da yake bugawa da mutane ta intanet, wanda in ka daɗe ba ka rubuta komai ba sai a ɗauka inji ne, a kore ka. Shi kuwa ga son nasara, ga son jiki. Sai ya haɗa 'yar manhaja da za ta riƙa shigar da haruffa a madadinsa. Ya koya mata jinkiri tsakanin harafi da harafi. Har kuskure take yi ta goge, don a ce mutum ne. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne abin da ya sa ta rubutawa. Sallama. Duk ɗakin da ta shiga a gem ɗin, sai ta yi sallama. Shi kuma ya kulle shago ya dawo gida ya miƙe ƙafa.

Na gaya masa sallama ba abin wasa ba ce, ko a kango ka yi ta akwai masu amsawa. Ya ce ƙauyanci ke damuna.

Ran nan da almuru ya koma ɗauko cazarsa, shi kaɗai. Kwaɗon ƙofa na nan a kulle. Amma ciki kibod na ƙara. Kwas. Kwas. Manhajarsa kuwa ba ta taɓa motsa maɓalli ba, a cikin kwamfuta take rubutunta.

Ya buɗe. Wani tsoho ne a kujerarsa. Ya ba ƙofa baya, amma yatsun ƙafarsa ƙofar suke kallo.

"Kai ne mai sallama?"

Tasi'u ya ce ba shi ba ne, Baba, na'ura ce.

"Mun bar abinci mun amsa. Mun bar jinya mun amsa. Mu juyo, babu kowa." Muryar daga ƙarƙashin tebur take fitowa. "Raini ne?"

Tasi'u ya zare wayar wutar kwamfutar. Allon bai mutu ba. Tsohon ya kamo hannunsa na dama, ya ɗora a kan kibod. Sanyi ya ratsa shi har kafaɗa.

"Hutu ka nema wa hannun nan. Ba zai ƙara samu ba."

Ya sake shi. Tasi'u ya fito da gudu, ko takalmi bai tsaya ɗauka ba.

Kun dai gan shi. Yatsun nan ba sa tsayawa, ko yana barci. Cokali ya gagare shi, gyaran kwamfutar da yake taƙama da shi ya tafi. Wata rana na tura masa kibod a ƙarƙashin hannun don in ga me suke bugawa. Amsar sallama ce, ba iyaka. Wa yake amsa wa, ban tambaya ba.

Kada wanda ya bi ta bayan mayankar nan shi kaɗai. Kai kuma Mudassir, na ga abin da ka bari yana rubutu a ɗakinku. Tashi ka kashe. Tsaya, 'yar'uwarka Ummita ta raka ka.