Mai Sassauta Yatsu a Bayan Sheme

Wata uku ina fama da jita, ƙaramin yatsana ya ƙi kaiwa tsirkiyar sama. Noma ya sandarar mani da hannu. Yahuza, aminina tun yarinta, ya ce akwai wani tsoho a bayan garin Sheme mai sassauta yatsu, amma sai bayan isha'i. Shi ya kai ni da babur, hannunshi na hagu naɗe da tsumma, wai ƙuna ce.

Na tarar da tsohon zaune bisa kifaffen turmi, ba fitila. Ya kama hannuna yana jan yatsun ɗaya bayan ɗaya. Tafinshi sanyi kamar gindin randa. Kwaɗin da ke ta kuka a wajen duk suka yi shiru.

"Baba, kwana nawa kafin su saki?"

"Yanzu ma," in ji shi. "Lallai naka sun fi nashi tsawo."

Na haska fitilar waya. Hannun tsohon duk tamoji ne, ban da ƙaramin yatsa: na saurayi ne, da tabon laujen da ni na yi wa Yahuza a gonarsu.

Sai na ji muryar Yahuza dab da ƙeyata, yana kwance tsumman.

"Baba, na kawo madadi. A ba ni nawa."