Haƙorin Iya Tani

Da la'asar sakaliya Dakta Uwais ya ajiye motarsa a rumfar wani mai faci a Rogo, don ruwan da aka tafka ya cinye hanyar Gwangwan. Ɗan acaɓa ya kai shi iyakar inda taya ke iya taka ƙasa, ya sauke shi a bakin wata gonar dawa, ya juya ba tare da ya tambaye shi ko ya jira ba. Abin da ya kawo Uwais ƙarami ne, yana cikin 'yar kwalba a aljihun gaban rigarsa. Haƙori zai mayar wa mai shi.

Uwais likitan haƙori ne, ɗan Ƙaraye, yana ƙarin karatu a Kano. Bincikensa a kan gam ɗin da ake liƙa ciko da shi a jikin haƙori ne, ana son a ga ko yana kamawa da gaske. Ido ba ya ganin wannan. Sai an samo haƙorin mutum lafiyayye, a yanka shi falle-falle da ɗan zarto, a ɗiga masa asid, a shafa gam, a jiƙa shi a sifirit har danshin jikinsa ya fita tas, a fesa masa zinare sama-sama, sannan a tura shi cikin na'urar lantarki mai girmama abu sau dubbai. To amma wa zai kawo lafiyayyen haƙori a cire masa? Mutanenmu sai tsutsa ta gama cinsa, kumatu ya yi suntum, sannan su nemi likita.

Ba zan yi masa kara ba, Uwais ya san abin da ya yi. Ranar da aka je duba marasa lafiya kyauta a Gwangwan, duk wanda ya buɗe baki ya ga matauni mai kyau, sai ya girgiza kai ya ce daga ciki ya ruɓe. Mutanen wurin kuma ba sa barin haƙorinsu a hannun kowa, gida suke kai shi su binne kamar yadda ake yi wa cibiya. Wannan ma ya samo masa dabara. Ya ajiye tasa cike da ruɓaɓɓu a ƙarƙashin tebur, in mutum ya miƙo hannu sai ya naɗe masa ɗaya a auduga.

Ta ƙarshe a layi wata tsohuwa ce da ta ce sunanta Tani, gidanta kuma a bayan kufai, wajen tsohuwar marina. Muƙamuƙi kawai ta ce yana yi mata tsami. Da ta buɗe baki Uwais ya kusa yin kabbara, don bai taɓa ganin haƙora irin waɗannan ba ko a bakin budurwa. Ya zaɓi mafi girma ya fizge.

"Ɗan nan, ba ni abina," ta ce a hankali. "Mu ba ma barin namu a waje."

Ya ba ta ruɓaɓɓe daga cikin tasar. Ta karɓa, ta daɗe tana kallonsa, ta tafi.

Ranar da ya ɗora haƙorin a zarto a Kano, matarsa Safara'u ta kira shi daga Ƙaraye. 'Yarsu Murja, wadda ko aji biyu ba ta shiga ba, ta faɗi a tsakar gida tana riƙe da baki tana ihu. Ya dawo ya haska bakin, bai ga komai ba. Ranar asid yarinyar ta ce haƙoranta sun mutu kamar ta sha tsamiya. Ranar sifirit yawu ya ƙafe mata, harshe ya manne da ganɗa, kuka ma babu hawaye. Duk da haka gogan naka bai tsaya ba, cewa ya yi zazzaɓi ne. Sai da ya fesa zinare ya tura yankan cikin na'ura, hoton ya fito a allo. Ƙananan ramukan da ke jikin kowane haƙori, waɗanda ya saba gani a bushe a sandare, nan ya gan su suna buɗewa suna rufewa a tare. A cikin na'urar babu iska ko kaɗan, amma abin numfashi yake yi.

Da ya iso gida ya ɗaga leɓen Murja, ya tarar mataunanta na ƙyallin zinare. Yarinyar ta rame, ta daina magana, ruwa ma da cokali ake ɗiga mata. Yana son 'yar nan, wannan ba ƙarya ba ne. Shi ya sa ya kwaso yankan ya kamo hanya.

Dawa ta fi shi tsayi ta kowane gefe. Hanyar siririya ce, taɓo na kama takalminsa. Daga nesa ya ji an fara kiran magariba, sai kiran ya yanke a tsakiya. Kwaɗi ma suka yi tsit.

Ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya ɓace. Wani ƙauri ya maye gurbinsa, irin wanda ke tashi in zarto ya yi zafi a jikin haƙori. Uwais ya san ƙaurin nan. Ya toshe hanci ya ci gaba.

Sai ya fara jin tauna. Ƙurus. Ƙurus. A hankali, ta gefe ɗaya.

Dawar ta ƙare a wani fili. Ga rusassun katangu, ga ramukan marina cike da baƙin ruwa. Tsohuwar na zaune a kan kututture, ta ba shi baya.

"Salamu alaikum," ya ce.

Ba ta amsa sallamar ba.

"Ka zo, likita."

"Iya, barka da yamma. Mun same ku lafiya? Dama kuskure aka yi ranar nan, shi ne na ce bari in..."

"Wanda ka ba ni na binne shi," ta ce. "Ƙasa ta tofo shi."

Ya durƙusa ya miƙa kwalbar da hannu biyu. Ba ta juyo ba. Hannunta ne ya zagayo ta baya, ya yi tsawon da bai kamata ba, ya ɗauka.

Ta zazzage yankan a tafinta. Suka motsa. Suka jeru da kansu, kowane falle ya nemi ɗan'uwansa. Haƙorin ya tashi tsaye, amma tsakanin falle da falle akwai tsaga, hasken yamma na ratsawa.

"Ina sauran?"

"Zarto ne ya ci, Iya. Gari ya zama, ruwa ya tafi da shi."

"Ruwa," ta maimaita.

Sannan ta juyo.

Fuskar ita ce dai, ta tsohuwar da ya sani. Bakin ne ya ci gaba da buɗewa. Haƙora layi bayan layi, farare tas, har can cikin maƙogwaro inda duhu ya rufe su. A layin farko akwai gurbi ɗaya, jini na tsattsafowa.

"Ciko za ka yi mini," ta ce. "Ai sana'arka ce. Namu ba kamar naku ba ne, ɗan garin da ka zubar sai bakin mutum guda cur zai biya shi. Ko naka, ko na yarinyar."

"Nawa," ya ce da sauri. "Iya, nawa. Ki rabu da ita."

"To matso. Ni ba ni da allurar kashe zafi."

Ya matsa da gwiwa. Ya buɗe baki.

Yatsunta sanyi ƙalau, suna warin sifirit. Suka lalubi dasashinsa, suka tsaya a kan matauni na can ƙarshe. Suka kama.

Ta murɗa kaɗan.

Uwais ya cire haƙoran mutane ba adadi, yana ce musu su daure, yanzu za a gama. Bai taɓa sanin abin da yake cewa a daure ba. Zafin ya bi ta muƙamuƙi ya shiga ido, ya sauka har tafin ƙafa. Ya ji saiwar na ɗagowa daga ƙashi. Wannan na farko ne. Sauran duk suna jira.

Ya fizge kansa.

Ya datse baki, ya miƙe, ya afka cikin dawa.

Ba ta bi shi ba. Muryarta ce kawai ta zo, ƙasa-ƙasa, daidai kunnensa.

"Na yarinyar ke nan?"

Ya ji ta sarai. Tambaya ce, kuma ta jira amsa. Da ya tsaya, da ya juya, da nasa za a karɓa.

Ya ƙara gudu.

Ganyen dawa na yankar fuskarsa. Takalmi ɗaya ya maƙale a taɓo, ya bar shi. Taunar nan na bayansa, ƙurus, ƙurus, ba ta matsowa, ba ta nisa. Ya faɗi, ya tashi, ya sake faɗuwa, har ya hango fitilar wani masallaci a gefen gari, mutane na fitowa daga salla. Nan ya zube. Taunar ta tsaya.

Suna yayyafa masa ruwa wayarsa ta yi ƙara. Safara'u ce, cike da murna.

"Abban Murja, alhamdu lillahi, ciwon ya sake ta. Ta sha ruwa da kanta, ta yi barci."

Ya sa harshe ya taɓa mataunin nan. Yana nan, ɗan girgiɗi kawai yake yi.

Da safe Safara'u ta tarar da haƙoran Murja a kan matashi, dukkansu, babu ɗigon jini. Ta ɗauki ɗaya, ya marmashe a yatsunta kamar alli. Mata suka yi ta ba ta baki, ai na nono ne, wasu za su fito. Uwais ya kai yarinyar Kano aka ɗauki hoton muƙamuƙinta, shi ya karɓi hoton da hannunsa. Inda ya kamata a ga sababbin haƙora kwance cikin ƙashi suna jiran lokacinsu, babu komai.

Ya koma kufan nan ba sau ɗaya ba, da rana da magariba, ya durƙusa gaban kututturen da baki buɗe yana roƙo. Ko tsuntsu bai amsa masa ba. Bai taɓa gaya wa Safara'u abin da aka tambaye shi a cikin dawa ba. Girgiɗin mataunin ma ya daina, ya koma daram.

Murja ta warke, ta yi ƙiba da kunu da fate. Kumatunta ne suka shige ciki, in ta yi dariya takan sa hannu ta rufe. Da babbar salla aka soya naman layya, ƙanshi ya cika gidan, 'ya'yan maƙwabta na ta yagar tsoka a tsakar gida. Ta daɗe tana kallonsu. Can ta ɗauko tata tsokar ta zo ta zauna a cinyar ubanta, ta kai masa baki.

"Abba, tauna mini," ta ce. "Kai naka suna da ƙarfi."

Ya karɓa ya tauna mata.