Ramin da Assu Ya Toshe

Rana ta kusa faɗawa bayan itatuwan dabino, Tuda na zaune a tsakar gida tana murza kuskus a akushi, sai wani dutse ya faɗo a gabanta. Ƙarami ne, bai kai ƙwan kaza ba. Ta ɗaga kai. Gidan hawa uku ne na jar ƙasa, babu kowa a saman soro, maƙwabta kuwa sun daɗe da komawa gidajen siminti na bakin titi. Ta ɗauki dutsen, ta ji shi da ɗumi kamar daga toka aka ciro shi. Na biyu ya faɗa cikin akushin.

Kashegari ma haka, da wanda ya biyo baya. Kullum sai ladan ya fara gyaran murya, duwatsun su soma zuba. In sun tsaya, sai a ji wani siririn kuka yana fitowa ta wajen ɗakin girki.

Tuda ta san dalili, ba ta dai da bakin faɗa. A gindin bangon ɗakin girkin akwai wani rami mai faɗin tafin hannu biyu. Tun zamanin kakar mijinta Assu, duk yammacin Alhamis matar gida kan ajiye ɗan abinci marar gishiri a bakinsa, ta ce, “Ga naku, masu gida,” ta juya ba waiwaye. Surukarta ce ta koya mata, shekara ashirin ba ta taɓa fashi ba. Sai ga labari cewa masu adana kayan tarihi za su zo daga birni su duba gidan. Ana gobe za su zo, Assu ya tsaya a kan ramin ya ce abin kunya ne, 'yan boko za su ɗauke su jahilai. Ya cusa karyayyen bakin fartanya a ciki don ƙasa ta kama, ya shafe da laka sumul.

“Ƙarfe fa ka sa, Baban Yamna,” in ji Tuda. “Ka san ba sa ƙetare ƙarfe.”

“Ke rufe min baki, sarauniyar camfi.”

Mutanen suka zo, suka auna, suka ɗauki hoton kowane lungu, suka sa gidan cikin gine-ginen tarihi na gundumar. Suka ce daga ranar ko ƙusa ba za a buga ba sai da takarda, wanda ya taɓa bango kuma a soke sunan gidansa. Assu, wanda ya shekara hamsin ba a taɓa neman shawararsa ko a kan rabon ruwan gona ba, ya koma tafiya yana tura ƙirji. Ni dai ban taɓa ganin wanda takarda ɗaya ta kumbura kamarsa ba.

'Yarsu ɗaya ce, Yamna, shekararta goma sha shida. Yarinya ce mai waƙa. In ta zauna saƙa, har masu wucewa kan rage tafiya. A yammaci na tara da fara jifan, waƙar ta yanke a tsakiya. Tuda ta same ta durƙushe a ɗakin girki tana kankare bangon da farce, jini na bin yatsunta. Ta kamo kafaɗarta. Yarinyar ta juyo, idanun nata ne, amma mai kallon ba ita ba ce. Sai da maza uku suka taru kafin a janye ta.

Aka aika wa Si Lahsan, tsohon malamin da ke ƙetaren kwari. Ya iso ran Laraba bayan la'asar, ya tarar ana ta share-share, domin kashegari wakilin gwamna zai zo ya buɗe allon da aka kafa a ƙofar gida. Bai yi wa kowa barka ba. Ya sa aka kwantar da Yamna a tabarma, ya riƙe babban yatsanta, ya fara karatu a hankali. Inuwa ta cinye tsakar gidan. Ko kaji sun yi tsit.

Can sai bakin yarinyar ya buɗe, muryar wata babbar mace ta fito, a dishe kamar ta wadda ta kwana tana kuka.

“Daina ƙona ni, Malam. Ban zo da faɗa ba.”

“Ke wace ce, me kike nema a jikin baiwar Allah?”

“Mun riga su zama a nan. A kan ƙofarmu suka ɗora ginin, muka yi shiru, muna cin ɗan abin da aka ba mu. Ranar da wancan ya toshe, na fita ɗebo ruwa. 'Yata tana ciki. Ba ta isa yaye ba.”

Tuda ta waiwaya wajen ɗakin girki. Ashe kukan da take ji kenan.

“Ina jin ta ta bayan bango, ba na iya isa gare ta. Na yi jifa, ba wanda ya kula. Ku cire ƙarfen, in ɗauki abata, in bar muku gidan har abada.”

Si Lahsan ya dubi Assu. “Ka ji. Kawo gatari.”

Assu ya sosa gemu. “Allah gafarta Malam, gobe fa manya za su zo, da hotunan a hannunsu. In suka ga ɗanyar laka, shi ke nan, sun soke ni. A bari su tafi mana.”

“Don Allah, Baban Yamna,” in ji Tuda. “Dubi hannun yarinyar nan.”

“Da ke nake magana?”

Muryar ta ce, “'Yata ba za ta wuce faɗuwar ranar gobe ba. Kukanta ya fara ƙanƙancewa.”

“To kafin rana ta faɗi,” in ji Assu da sauri. “Na rantse.”

Malamin ya yi ta fama da shi, ya ƙi. Da ya gaji, ya juya ga aljanar ya ce ta fita yanzu, tunda an yi mata rantsuwa. Muryar ta amsa:

“Zan fita. Amma zan tafi da muryar 'yarsa. Ranar da na ji muryar tawa 'yar, zai ji ta tasa.”

Yamna ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki. Ta buɗe ido, ta ga uwarta, ta motsa baki za ta kira ta. Ba abin da ya fito.

Baƙin da aka ce za su zo da hantsi ba su iso ba sai bayan la'asar. Aka yaye ƙyalle daga allon, aka tafa. Aka ci gasasshen rago, aka zuba shayi zagaye na farko, na biyu. Tuda na kallon inuwa tana hawa bango. Da ta ga ta kai hawa na biyu, ta ɗauki gatari ta nufi ɗakin girki. Assu ya tare ta a lungu, ya murɗe mata hannu, ya tura ta cikin rumbun sha'ir ya sa sakata. Ya koma wajen baƙinsa yana dariya, ya ce a ƙara shayi.

Daga cikin rumbun tana jin kukan, siriri, yana yankewa yana dawowa. Ta buga ƙofa har hannunta ya mutu. Ladan ya kira salla. Kafin ya kai ƙarshe, kukan ya tsaya.

Sai da ƙurar motocin ta kwanta Assu ya buɗe wa Tuda, ya fasa bangon. Ya zaro bakin fartanyar. A bayansa akwai wani abu kamar ɗan kyanwa, baƙi, ya bushe, faratansa duk sun karye. Wata iska mai sanyi ta ratsa tsakanin ƙafafunsu, da suka sake dubawa babu komai a ramin. Ba a sake jifa a gidan ba. Aljanar ta cika alkawarinta duka biyu: ta bar gidan, muryar Yamna kuma ba ta dawo ba.

Tuda na tsaye riƙe da Yamna, tana jira ta ga ko mutumin nan zai yi kuka. Ya ɗan tsaya yana kallon ramin. Sannan ya ɗebo ƙasa, ya kwaɓa, ya shafe wurin a tsanake, yana ja da baya yana dubawa ko ya yi daidai da hoto. A ranar ta tsane shi, tsanar da ba ta ragu ba har yau.

Shekara shida kenan. Allon na nan, Assu na goge shi kowace safiya. Yamna na saƙa a tsakar gida, baƙi na ɗaukar ta hoto. Kwanan baya wata baƙuwa ta tsaya ta lumshe ido, ta ce ba ta taɓa shiga gida mai daɗin shiru irin wannan ba.

“Ai haka muka gaje shi,” in ji Assu.

Tuda ta ajiye musu shayi, ta koma ɗakin girki. Ranar Alhamis ce. Ta zuba ɗan abinci marar gishiri a gindin bangon da babu kowa a bayansa, ta zauna kusa da shi har rana ta faɗi.