Muryar Baban Nana

'Yar na'urar da ke maƙale a wuyan Yurgen ta yi ƙyalli, sai ga muryarsa ta cika ɗakin, tana hawa da sauka kamar dā. Dakta Tasalla ta dafe ƙirji. Rabonta da jin wannan murya tun kafin shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da mijin nata, Bajamushen da ya zo Sabuwar Katsina kafa tashoshin hasken rana, ya ci tuwo ya ƙi komawa.

Ciwon ya kwashe Hausarsa kaf, ya bar masa Jamusanci, shi ma sai ta bakin inji. Injin asibiti kuwa magana yake a miƙe kamar zare. Shi ko Jamusanci, in jimla ta yi tsawo, sau da yawa ɗan tsayawar numfashi da ɗagawar murya ne ke nuna wace kalma ke tafiya da wace. Tasalla ta sha wuyar gane abin da yake nufi. Don haka ta tattara tsofaffin bidiyoyinsu na biki da na suna, ta koya wa 'yar na'urarta, wadda ke wuyansa yanzu, karin muryarsa. Ta raɗa mata suna Amo.

Abu ya yi kyau. Motoci marasa direba suka yi ta sauke 'yan dubiya, kowa na cewa ai Bature ya warke. Ita kuwa ta mayar da shi rediyo, tambaya kan tambaya, don dai ta ji shi.

Wata Laraba tana shafa masa man zafi a ƙafa, ya ce, "Na gaji, Tasalla." Muryar ta fito garau, har da 'yar dariyar nan tasa a ƙarshe.

"Kai dai ba ka rabo da zolaya, Baban Nana," ta ce da Jamusanci, ta ɗago kai tana murmushi.

Hawaye ne ke gangarawa cikin kunnensa.

Ta ajiye man zafin. Wa ke ɗaukar muryar mutum ranar baƙin ciki? Amo ba ta taɓa jin sa cikin damuwa ba, ba ta san hanyar ba. Ashe ya daɗe yana faɗa wa matarsa damuwarsa, tana dariya.

Ta kai hannu kan maɓallin Amo ta tsaya, don ta san in ta kashe, ita da muryar nan sai a mafarki. Allah Ya sani tana son muryar. Ta danna.

"Sake faɗa mini," ta ce.

Injin asibiti ya karɓa, a miƙe, ba hawa ba sauka. Ta jawo kujera kusa, ta zuba wa fuskarsa ido.