Yarinyar da Ta Kashe Fankar Kwamfuta

Akwai wata yarinya a Sule Tankarkar, 'yar aji shida. Na san gidansu, na sha zama a zaurensu. Sunanta ne ya ɓace mini. Amma labarinta yana nan.

Babanta malamin firamare ne. Ya rasu a farkon bazara, bayan jinyar kwana tara. Ko sha ɗaya ne? Allah ya ji ƙansa.

Ya bar wata tsohuwar kwamfuta, irin wadda ake ɗorawa a cinya. Shi da kansa ya sa mata tsarin Linux, don kyauta ne, kuma mutum yana iya gyara cikinsa yadda yake so. Yakan ɗauki muryarsa yana koyar da karatu saboda 'yan ajinsa. Babu inda muryarsa ta rage sai cikin wannan kwamfutar.

Mahaifiyarta, Umma, tana takaba. Ba ta fita, ba ta kwalliya, abinci ma sai an matsa mata.

Ta ce, "Kada wanda ya kunna mini muryar Malam yanzu. Zuciyata ba za ta ɗauka ba. Ranar da na fita takaba, ranar zan ji."

Yarinyar ta kasa jira. Idan ta dawo makaranta, Umma ta ɗan kishingiɗa, sai ta shige ɗakin Baba ta kunna. Takan rage sauti ƙasa-ƙasa don kada Umma ta ji.

To, ga zafin bazara. Da kwamfutar ta ɗumama, sai fankar cikinta ta tashi, fuuu, kamar injin markaɗe. Muryar Baba ta ɓace a cikin ƙarar.

Sai ta tuna wata rana da take zaune kusa da Baba. Ya buɗe wani fayil, ya nuna mata lamba guda.

Ya ce, "Wannan lambar ce ƙarfin fanka. Kullum aka kunna, kwamfuta sai ta karanta ta. Bakwai gudu ne sosai."

"Sifili fa, Baba?"

"Sifili barci ne. Ke dai kada hannunki ya je nan."

Ta san kalmar sirrinsa, don ya sha sa ta ta rubuta masa. Ta buɗe fayil ɗin. Ta goge lambar, ta sa sifili, ta adana. Ta kashe, ta sake kunnawa.

Fanka ta yi tsit.

Muryar Baba ta fito tas. Har numfashinsa tana ji. Ta ɗora kwamfutar a kan matashin kai, ta kwanta kusa da ita, ta ja zane ta rufe kanta har da kwamfutar. Hawaye suna zuba, amma daɗi take ji.

Can sai ta ji wani wari, kamar roba a wuta. Baba yana cikin cewa, "To yara, ku biyo ni," sai allo ya yi baƙi.

Ta taɓa ƙasan kwamfutar. Ta janye hannu da sauri. Kamar murfin tukunya!

Ta jira ta huce, ta kunna. Ba a jima ba ta sake mutuwa, tun kafin ta kai ga fayil ɗin. Ta gwada sau uku. Sai ta mayar da ita inda take, ta fita. Ba ta gaya wa kowa ba.

Ran Juma'a Kawu, ƙanen Umma, ya zo gaisuwa. Ya kunna kwamfutar don ya nemi wani hoton marigayi. Ta mutu a hannunsa.

Umma ta miƙe zaune. "Muryar fa? Muryar tana nan?"

Kawu ya ce, "Kwantar da hankalinki, Yaya. Wa ya taɓa ta?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. "Ni ban sani ba, Kawu."

Ranar Umma ba ta ci komai ba. Ta juya fuskarta ga bango. Yarinyar ta kai mata kunu, ta dawo da shi ya yi sanyi.

Kashegari Kawu ya ɗauki yarinyar a babur suka tafi Gumel. Ita ce ta rungume kwamfutar a hanya. Suka je shagon wani mai gyara, Ɗantala.

Ɗantala ya kwance bayanta, ya hura, ya gwada fankar.

Ya ce, "Fanka lafiyarta ƙalau, ta fi ni lafiya. Da an kunna sai ta juya, can kuma ta tsaya. Tsarin ne ya haukace. Wane irin tsari ne ma wannan? Ko malaman garin Gagarawa ba su da irinsa."

Kawu ya ce, "To ya za a yi?"

"Sai dai a goge komai, a sa mata sabo."

"Akwai muryar mamaci a ciki, Ɗantala. Ka fara kwashe ta."

"Maigida, ban san inda ake ajiya a wannan tsarin ba. Kafin in lalubo ta mutu. Kuma duk kunnawar nan ƙara dafa ta muke yi. Ka zaɓa: ko a goge a samu kwamfuta, ko a rasa duka biyun."

Kawu ya share gumi. Ya ce, "Me zan gaya wa Yaya?" Can ya ce, "To. Goge."

Ɗantala ya miƙa hannu.

Yarinyar ta fashe da kuka. "Kada ka goge! Ni ce! Ni na kashe fankar. Na sa mata sifili."

Ɗantala ya tsaya da hannu a sama. "Ke? 'Yar mitsitsiyar nan?"

Ta faɗi komai. Lambar, matashin kai, zanen, warin robar.

Kawu bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Na tambaye ki jiya. Kin ga uwarki ta yini ba ci ba sha, kika yi shiru."

"Tsoro na ji, Kawu."

Ɗantala ya ce, "In haka ne, ba aikina ba ne. Ku je wurin Malama Naja'atu. Tana koyar da kwamfuta a nan bayan tasha. Ita ce mai irin wannan tsarin."

Malama Naja'atu ta saurari yarinyar har ƙarshe. Sannan ta ɗauko bulo biyu, ta ɗora kwamfutar a kai don iska ta shiga ta ƙasa. Ta ba Kawu mafici.

"Yi ta fifita, Malam. Yau kai ne fanka."

Ta dubi yarinyar. "Ke kika san fayil ɗin. Lokacinmu kaɗan ne. Da ta buɗe, ki nuna mini."

Aka kunna. Malama ta rubuta wata kalma, zafin kwamfutar ya fito a allo. Digiri tamanin da takwas. Tamanin da tara. Casa'in da biyu.

Yarinyar ta nuna allo da yatsa. "Ga shi nan! Wancan!"

Malama ta goge sifili. Ta rubuta umarnin da zai bar kwamfutar ta riƙa juya fankarta daidai da zafin da take ji. Ta adana, ta tayar da fankar.

Fuuu!

Casa'in. Tamanin da ɗaya. Saba'in. Sittin da huɗu.

Kawu ya ajiye mafici. "Alhamdu lillahi. Hannuna ya kusa cirewa."

Malama ta kwafe muryar a katin ajiya na waya har guda biyu. Ta ce wa yarinyar, "Ƙarar da kika tsana, da ita kwamfuta take fitar da zafi. Kada ki ƙara ɗora ta a kan matashi ko katifa, suna toshe mata hanyar iska. In kina son ji sosai, ga wannan." Ta ba ta tsohon abin jin sauti na sawa a kunne.

Da suka koma gida, yarinyar ta durƙusa gaban Umma ta faɗi laifinta. Sai Umma ta jawo ta jikinta.

"Ashe ke ma kewarsa kike yi, ni ban duba ki ba. Na yafe. Miƙo mini kunun nan."

Damina ta sauka, gero ya kai gwiwa, Umma ta fita takaba. Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma. Yarinyar ta ɗora kwamfutar a kan bulo ta kunna.

Baba ya fara karatu. Yana tsaka da darasi sai ya tsaya, ya ce, "Uwar gida, a ɗan sassauta dakan nan mana, ɗauka nake yi!" A cikin ɗaukar, daga nesa aka ji muryar Umma tana cewa, "To ka kwana da yunwa!" Baba ya tuntsire da dariya.

Umma ta rufe baki da mayafi. Sannan ta yi dariya, ta farko tun rasuwar. Ta ce, "Sake mayar mini da wurin nan."

Yara, kada ku canza abin da ba ku san aikinsa ba sai kun tambaya. In kuwa kun yi kuskure, ku faɗa da wuri. Da yarinyar nan ta ƙara yin shiru na minti ɗaya, da Umma ba ta sake jin wannan dariyar ba.