Maigidan Tuwon Ƙasa

A wani ƙauye kusa da Lafagu, akwai wani yaro ɗan aji huɗu. Yana da ƙanwa mai suna Hamdiyya, 'yar shekara biyar. Duk inda ya sa ƙafa tana biye da shi. In ya je rijiya, tana nan. In ya je makaranta, tana riƙe da gefen rigarsa har ƙofar aji. Yakan yi ƙorafi, amma a ransa daɗi yake ji.

Babansu, Arzika, ɗan kabu-kabu ne. Yana ɗaukar mutane da kaya a babur daga Bagudo zuwa bakin iyakar Benin. Aikin akwai wahala, gaskiya ne. Amma Arzika ba ya barin wahalar a hanya. Gida yake kawo ta.

In ya dawo ransa a ɓace, komai laifi ne. Sai ya taɓa tuwo ya ce ya huce. Ya yi ƙwallo da kwano. Wani lokaci ya ɗaga hannu ya mari Inna.

Yaron yakan ja Hamdiyya su ɓuya bayan rumbu. Yakan toshe mata kunnuwa da hannunsa. Nasa kunnuwan kuwa babu mai toshe masa.

Bayan an yi shiru, Inna takan wanke fuska ta ce, "Maganar gida ce wagga. Kada in ji ta waje."

Shi kuwa bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Wata Asabar Baba ya tsallaka Benin da kaya, zai kwana biyu. Yaran unguwa suka taru ƙarƙashin mangwaro suna wasan tuwon ƙasa. 'Yan mata suka jera gwangwanaye, suka kwaɓa ƙasa, suka yi miya da ganye. Aka ce yaron ne maigida, Hamdiyya ce uwar gida.

Ya hau karan dawa, yana kukan babur da baki. Ya zagaya bishiya sau biyu, ya yi sallama.

Hamdiyya ta durƙusa, ta ajiye masa tuwon ƙasa a murfin gwangwani. Ta ce, "Sannu da zuwa, maigida."

Ya ɗaure fuska. Ya taɓa tuwon, ya ce, "Ni za ki ba tuwo mai sanyi? Ni da na wuni bisa hanya?"

Yara suka yi dariya, domin ya iya muryar manya. Dariyar ta ƙara masa ƙarfi. Ya yi ƙwallo da murfin. Sannan ya ɗaga hannu ya mare ta.

Hamdiyya ta faɗi a kan gwangwani mai kaifin baki. Jini ya ɓalle a saman girarta. Yara suka watse.

"Wasa ne," in ji yaron. "Hamdiyya, wasa ne. Ai haka maigida ka yi."

Inna ta goya ta zuwa ƙaramin asibiti. Aka yi mata ɗinki uku. Aka ce saura kaɗan da ya sami idon.

Ciwon bai tsaya a goshi ba. Hamdiyya ta daina bin yayanta. In ya shigo ɗaki, sai ta fita. Ranar Lahadi ya tsinko mata mangwaro nunanne. Da ya miƙa hannu, ta kare fuskarta, ta runtse ido.

Abin ya yi masa ciwo fiye da bulala. Haka Inna take yi in Baba ya matso. Ya je bayan rumbu shi kaɗai, ya yi kuka har ya gaji.

Ranar Litinin ya tafi makaranta shi kaɗai. Bai rubuta komai ba. Da aka fita tara, Malama Rahma ta kira shi.

"Yau ina 'yar rakiyarka?"

Ya sunkuyar da kai. "Tsorona take ji, Malama."

"Mi ka yi mata?"

Ya faɗa mata labarin wasan. Malama ta saurara har ya gama, ba ta katse shi ba.

Ta ce, "Ka yi laifi, kuma ka sani. Amma wa ya ce maka haka maigida yake yi?"

Ya kau da kai. Ya tuna gargaɗin Inna.

Malama ta ce, "Akwai sirrin da ake riƙewa. Amma in ana dukan mutum, ba a ɓoye shi. Faɗa wa babban da ka yarda da shi ba tonon asiri ba ne. Neman taimako ne."

Sai ya faɗi komai, har da bayan rumbu.

"Abin da babanka yake yi ba laifinka ba ne," in ji ta. "Ba na innarka ba ne kuma. Maganar wa yake ji?"

"Baffa Ɗanmusa, yayansa."

Bayan an tashi, Malama ta fara zuwa wajen Inna, suka yi magana a ɗaki. Inna ta yi kuka, daga baya ta yarda. Sannan aka kira Baffa Ɗanmusa.

Da la'asar Baba ya dawo. Ya ga bandeji a goshin Hamdiyya. Da ya ji wanda ya yi, ya kwance robar ɗaure kaya daga babur, ya nufi yaron.

Baffa ya tare shi. "Tsaya, Arzika. Kafin ka buge shi, tambaye shi inda ya koya."

Baffa ya juya ga yaron. "Faɗi abin da kac ce ma ƙanwarka. Yadda kaf faɗe shi."

Yaron ya ce, "Ni za ki ba tuwo mai sanyi? Ni da na wuni bisa hanya?"

Baba ya san maganar. Tasa ce, ba a canza ko kalma ɗaya ba.

"Ni ina ganin ƙanana ne," in ji shi a hankali. "Ban san suna ji ba."

"Suna ji, suna gani, suna kwaikwayo," in ji Malama.

Robar ta faɗi ƙasa. Baba ya zauna a kan turmi, ya rufe fuska.

Baffa ya ce, "Kunya kaɗai ba ta isa ba. Su da uwarsu za su zauna gidana. Kai kuma za mu zauna da liman da jami'ar walwala. Sai mun ga canji za su dawo."

Haka aka yi. Ba a kwana ɗaya abin ya gyaru ba. Sai da aka yi sati shida kafin Inna da yara su dawo gida. Baba ya roƙi Inna gafara a gaban manya. Ya koyi cewa in ransa ya ɓaci, ya fita ya zauna a ƙofar gida har ya huce. Baffa kuma yana leƙowa kullum.

Yaron ma ya durƙusa gaban Hamdiyya. Ya ce, "Ki yafe mini. Ba ni ƙara ɗaga miki hannu, ko da wasa."

Ta tashi ta koma wajen Inna. Bai matsa mata ba. Ya ci gaba da ɗebo mata ruwan wanka, yana wanke mata takalma, yana jira.

Wata safiya tana wasa, ƙaya ta soke ta a ƙafa. Inna tana nan, Baba ma yana nan. Amma Hamdiyya ta ɗingisa ta wuce su, ta zauna a gaban yayanta, ta miƙa masa ƙafar.

"Yaya, cire mini. A hankali."

Ya cire mata a hankali, hawaye yana zuba a idonsa.

Yara, duka ba wasa ba ne, kuma ba shi ne girma ba. In ana dukanka, ko ana dukan wani a gidanku, kada ka kwaikwaya, kada kuma ka yi shiru. Faɗa wa babban da ka yarda da shi. Ku kuma manya, ku tuna cewa abin da kuka yi a gaban yaro, shi zai yi wa wanda ya fi shi ƙanƙanta.