Rabin Maganar Lefteris

Layin ya taso daga ƙofar zauren wasanni ya miƙe har bakin teku. Duk wanda aka taɓa ce masa yana da murya a arewacin Girka, ranar yana Tasalonika, don a ranar ake tace masu shiga Sabuwar Murya, gasar waƙar da ake nunawa a talabijin duk Lahadi.

Garifalia na tsakiyar layin, hannunta a maƙogwaro. Da sassafe ta baro Kavala, sanyin hanya ya kama mata murya. Ta gwada rera baiti ɗaya a hankali, abin da ya fito kamar kukan ƙyauren da ya yi tsatsa.

"Idan da wannan muryar za ki shiga, gara ki koma gida tun mota ba ta tashi ba."

Ta waiwaya a fusace. Wani dogon saurayi ne mai hargitsattsen gashi, yana miƙo mata ɗan gwangwani.

"Ƙaro ne, na tsibirinmu, Hiyos. Tauna za ki yi, kar ki haɗiye. Da shi kakata take yi wa kakana masifa har yau muryarta ba ta dishe ba."

"Ka san kuwa takara na zo yi da kai?"

"Na sani. Ni dai ba na kokawa da wanda ke kwance. Sunana Lefteris."

"Garifalia."

"Sunan fure. To, Fure, tauna."

Ta harare shi, amma ta tauna. Kafin a kira ta muryar ta saki. Da yamma aka kafe sunayen masu tafiya Atina, nata da nasa duk suna ciki.

A Atina otal ɗaya aka zuba su, da kyamara a kowane lungu. Masu shirin ba waƙa kawai suke nema ba, suna son kuka, suna son faɗa, suna son sirri. Don haka abin da ya tsiro tsakanin Garifalia da Lefteris a waya ya girma, don a gaban mutane ko gaisuwar kirki ba sa yi.

"Fure, yau da kika kai ƙarshen waƙar nan na manta ni ne na gaba. Sai da aka ture ni."

"Ɗan tsibiri, ka daina kallona haka a wurin gwaji. Vasia ta fara lura."

"To ki daina yin kyau, sai in daina."

"Ka yi barci, maƙaryaci."

Vasia ta girme su, ta daɗe tana waƙa a gidajen rawa na Atina, kuma tun makon farko take zama kusa da Lefteris a wurin cin abinci. Da ta ga ba ya ko ɗaga kai, sai ta bi idonsa ta ga inda yake sauka. Ba a yi kwana biyu ba magana ta kai kunnen masu shirin.

Ta kai Kavala ma. Mahaifin Garifalia, Kir Anestis, wato Malam Anestis a yarensu, mai gidan burodi, ya kira ta tana shirin gwaji.

"An ce min akwai wani yaro."

"Baba…"

"Mawaƙi ne?"

Ta buɗe baki za ta amsa, ya riga ta.

"Na bar ki kin tafi don uwarki ta hana ni sakat. Waƙa na yarda ki yi, ban yarda ki kwaso min mawaƙi ba. Kin manta da Gwaggonki Urania? Wani mai zaƙin murya ta bi zuwa Atinar nan. Ni na je na ɗauko ta daga wani ɗaki da ko taga babu, shi kuwa yana can yana wa wata waƙa. Mutumin da ke rayuwa da tafi, duk inda tafi ya fi ƙarfi can zai koma."

"Lefteris ba haka yake ba, Baba."

"Haka ita ma ta ce."

Ya kashe wayar.

A makon kusa da na ƙarshe aka tara su aka sanar da tsarin. Biyu-biyu za a haɗa su, su rera waƙa ɗaya tare, jama'a su zaɓa ta waya, ɗaya ya wuce ɗaya ya tattara kayansa. Da aka kira sunan Garifalia, tun ba a faɗi na biyun ba ta gane abin da suka shirya. Kyamarori uku suka juyo kan fuskarta.

"Da Lefteris."

Daga nan aka raba su. Kowa da ɗakin gwajinsa, kowa da lokacin cin abincinsa.

Ranar Alhamis Vasia ta shigo ɗakin kwalliya ta zauna kusa da ita, ta ajiye mata waya a cinya.

"Kin ga tallan shirin Lahadi? Ni tausayinki na ji, ƙanwata."

Lefteris ne a ɗan ɗakin da ake sa kowa ya zauna ya yi wa kyamara magana. Fuskarsa babu wasa. Ya kalli kyamarar ya ce, "Ba zan bari Garifalia ta kai zagayen ƙarshe ba." Sai kiɗa ya tashi, aka nuno hoton Garifalia tana dariya kamar wawuya.

Ta sake kallo. Bakinsa ne, muryarsa ce.

"Maza kenan," in ji Vasia tana gyara jan baki. "Ya ga ke ce mai ƙarfin cikinmu, ya lallaɓa ki har kika saki jiki."

Saƙonsa ya shigo tana tsaye a banɗaki ta kunna famfo don kar a ji kukanta.

"Fure, don Allah ki saurare ni. Yanke maganar suka yi."

"Bakin wa ya faɗa?"

"Nawa. Amma ban ƙarasa ba."

"Ka ƙarasa wa masu zaɓenka. Kar ka sake kirana Fure."

Ta toshe lambarsa. Minti kaɗan saƙon mahaifinta ya biyo baya: "Na gani. Duk Kavala ta gani. Ina zuwa Lahadi. Ko kin ci ko kin faɗi, tare za mu dawo."

Lahadi ta zo. Daga bayan labule Garifalia ta hango mahaifinta a layin gaba, cikin baƙar kwat ɗin da ba ya sawa sai zuwa coci ko jana'iza, ya harɗe hannu a ƙirji. Kwana uku ba ta ci abin kirki ba.

Aka kira su. Ta fito ta dama, Lefteris ya fito ta hagu. Ya rame, ta lura, sannan ta ji haushin kanta da ta lura.

Mai gabatarwa ya shiga tsakaninsu yana murmushin da bai kai ido ba. Aka sake haska tallan a babban allo. Zauren ya ɗauki ihu, wasu na yi wa Lefteris eho.

"Lefteris, ƙasa gaba ɗaya na kallonka. Ka faɗi wannan magana ko ba ka faɗa ba?"

"Na faɗa."

Garifalia ta runtse ido.

"Amma rabi kuka nuna. Tunda kai-tsaye muke, yau ba mai almakashi."

Mai gabatarwa ya taɓa 'yar na'urar da ke kunnensa, da alama masu shirin na yi masa ihu ta cikinta. "To, lokaci na tafiya, bari mu…"

"Ku kore ni in na gama." Lefteris ya juya ya fuskance ta. "Abin da na ce shi ne, ba zan bari Garifalia ta kai zagayen ƙarshe ba tare da ta san cewa aurenta nake so in yi ba. Ga sauran. Ba a nan na so in faɗa miki ba, Fure. Sun ƙwace min wurin."

Zauren ya fashe da ihu. Garifalia ba ta kula su ba. Ta dubi layin gaba. Kir Anestis bai motsa ba.

Makaɗa suka fara. Ta matso kusa da Lefteris, ta sauke makirufo, ta ce ta cikin haƙora, "Idan ka sassauta min a waƙar nan don in wuce, na rantse ba za ka sake ganin fuskata ba."

"Ni? Ƙasa zan kai ki."

"Gwada."

Tsohuwar waƙar masunta ce, ta mace mai jiran jirgin da ya ƙi dawowa. Ya ɗaga, ta ɗaga sama da shi. Ya ja baiti har numfashi ya kusa yanke masa, ta karɓe daga bakinsa ta kai shi inda bai kai ba. Babu wanda ya raga wa wani. Da suka sauke, gumi na zuba daga su biyun, tsofaffin mata a zauren na share ido.

Aka rufe zaɓe. Mai gabatarwa ya ja lokaci kamar mai jan rai, sannan ya ce, "Garifalia."

Lefteris ya riga kowa tafi. A bayan labule kuwa Kir Anestis ya tare shi tun bai kai gare ta ba.

"Ka iya magana, yaro. Amma neman aure a gaban fitilu ko ɗan wasan kwaikwayo ya iya. Yanzu an fitar da kai, fitila ta mutu. Mu ga abin da ya rage."

Ya bar 'yarsa ta ƙarasa gasar, ta zo ta biyu, ya sa ta a mota sai Kavala.

Sati biyu Garifalia na tsaye a bayan kantar gidan burodin tana naɗe wa mutane burodi, suna neman hoto da ita, ita kuwa idonta na kan titi. Wata safiya ƙofar ta buɗe. Lefteris ne, ya taje gashi, mahaifiyarsa na biye da kwalin alawa, jirgin ruwa ya galabaitar da ita. Ba kyamara, ba kowa.

Kir Anestis ya fito daga wurin tanda, gari har gwiwar hannu. Bai ce su zauna ba.

"Na ji masu talabijin sun ce za su ɗauki nauyin biki in an bar su su nuna."

"Sun ce, Kir Anestis. Na ce musu a'a."

"In waƙar ta ƙi ci fa?"

"Muna da itatuwan ƙaro a Hiyos, tun ina yaro nake aikinsu. Ba za ta kwana da yunwa ba. Kuma ba zan hana ta waƙa ba, ta fi ni, duk ƙasa ta shaida."

"Haka wancan ma…"

"Anestis, ya isa." Gwaggo Urania ce, daga kujerarta ta kusa da taga inda take shan kofi kullum. "Shekara da shekaru kana tsorata yarinyar nan da sunana. Ba waƙa ce ta cuce ni ba, mutum ne. Nawa ko ƙofar gidanmu bai taɓa takowa ba. Wannan ga shi ya jawo uwarsa ta teku. Ka ba baiwar Allah kujera."

Kir Anestis ya dubi ƙanwarsa, ya dubi 'yarsa da ke murza gefen rigar aikinta. Ya daɗe yana goge hannu da tsumma.

"Kina son sa?"

"Ina son sa, Baba."

Ya jawo kujera da kansa ya ajiye wa mahaifiyar Lefteris. "Garifalia, kawo wa surukaina kofi."

Bayan Idin Ista aka yi bikin, a ƙaramin cocin da ke kan tudu yana kallon tashar jiragen ruwa. Aka ɗora musu rawanin fure biyu da zare ɗaya ya haɗa. Da Fada, limamin cocin, ya iso wurin da ake karanta cewa mace ta girmama mijinta, 'yan matan Kavala suka fara ƙyalƙyala, don sun san al'ada: a nan amarya ke taka ƙafar ango don a san wa zai mulki gida. Lefteris ya yi saurin janye ƙafa, amma ya makara. Garifalia ta taka shi da tsinin takalminta.

"Wayyo, Fure! Nan ma sai kin ci ni?"

"Nan ma."

Suka zagaya teburin ana watsa musu shinkafa. A bakin ƙofa Kir Anestis ya kama kawunansu biyu da manyan hannayensa, ya yi gyaran murya.

"Ku rayu, 'ya'yana. Allah Ya sa ku tsufa a kan matashi ɗaya, ku ga jikokin jikokinku."

Duk tudun ya amsa da amin.